Dutsen da Kansa Ke Ƙasa

Yaya Morwenna,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, ban da sanyin arewa, sai kuma aikina da ke ɗan rawa.

Muna gyaran tsohon cocin ƙauyen nan, ginin Sakson, wato kakannin mutanen nan na zamanin da. Na tarar da wani dutse mai rubutun Rumawa a bango, kansa a ƙasa. Na ciro shi na daidaita. Tsohuwa Hilda mai riƙe makullin cocin ta gani, ta dafe kai: "Ɗan nan, shekara dubu yana haka! Kakanninmu makafi ne?"

Har yanzu ban gane laifina ba. Amma gobe zan mayar da shi yadda yake, ko masu aikin su sallame ni.

Ki aiko mini safa masu kauri. Kuma don Allah kada Baba ya ji cewa hannun da ya koya wa gini ne ya mayar da dutse kansa a ƙasa da gangan.

Ƙaninki,
Denzil