Wuƙar Masu Jego

Tashar mota, Kano

Zuwa ga uwargidana Baraka,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mutanen gida da na Yola baki ɗaya. Yaya ƙafar? Kada ki daina gasa ta.

Na ba Badaru direba takardar nan don kada ki tsinci labari a bakin 'yan tsegumin Karaye. Jirgi ya tashi ban shiga ba. Kada ki ce komai tukuna, bari a gama karanta miki.

Da surukinmu Abdulmutalib ya aiko da tikiti ɗaya, ya ce jikin Munawwara ya rikice bayan haihuwa, kin yafa mayafi kin ce ke ce uwa. Na ce ni zan je, kika yi fushi. Wallahi ba kwaɗayin ganin Ikko ba ne, wuƙar ce. Tun da Ɗanmaliki maƙerin Zoza ya ƙera wa kakana ita, bayan matar kakan nawa ta fari ta rasu a jego, ba macen gidanmu da ta yi jego babu ita a ƙarƙashin matashi. Kakannina Talatu da Hajjo, uwata, ke kanki. Duk kun tashi garas. Autarmu ce kaɗai ta haihu nesa da ita, ga shi kuwa. Kuma kin sani ba a aika ta. Namijin gida ke kai ta, a jikinsa.

To a filin jirgi akwai wata ƙofa marar ƙyaure, ina bi ta ciki sai ta kama kuka. Wani ma'aikaci, mai ladabi dai, ya laluba aljihuna ya fito da ita. Wai doka ta hana shiga da wuƙa, sai dai a sa ta cikin kayan da ake lodawa a ƙasan jirgi, ko a bar ta nan. Na nuna masa naɗewa take yi, tsawonta bai wuce yatsa ba, ko goro ba na fasawa da ita. Me za ta yi wa jirgi? Wai ba shi ya yi dokar ba. Na ce to a kira min wanda ya yi. Ya yi ta lallashi, na rantse ƙarfen kakana ba zai kwana cikin takalman mutane ba. Kan mu gama aka rufe ƙofar jirgi.

Ba komai. Iyayenmu da ƙafa suka je Makka. Ga ni a mota, wuƙa na aljihu, in Allah ya yarda ina isa yarinya za ta miƙe, ki ce na faɗa miki.

Ki gai da kowa. A kula da awaki.

Mijinki,
Sulle

*

Ikko

Zuwa ga Baraka,

Bayan gaisuwa, yaya haƙuri? Yaya jikinki? Allah ya jiƙan Munawwara, ya sa Aljanna ce makomarta.

Na san sau da yawa kina sa a bugo waya, ana miƙo min ina kau da kai. Ba girman kai ba ne wannan karon. Muryarki ce ba zan iya ji ba.

Motarmu ta lalace a hanya, muka yi ta zama a bakin titi. Da na iso layinsu na hango tabarmi a ƙofar gida, maza zazzaune, na san abin da ya faru. Da safen ranar aka kai ta makwanci. Ƙasa kawai na tarar, ko bushewa ba ta yi ba.

Abdulmutalib yaro ne mai kunya, bai ce min uffan kan jirgi ba. Sai da na matsa masa ya faɗa. Ranar da ya kamata in sauka tana magana, har ta sha kunu. Ya ce da an taɓa ƙofar ɗakin asibitin sai ta ɗago kai ta tambaya ko Inna ce. Ba ta tambayi wuƙa ba, Baraka. Ni ma ba ta tambaye ni ba. Bai iya gaya mata ba ke ce ke tafe ba, sai ya riƙa cewa kina hanya.

Masu ta'aziyya suna ta ce min kwana ne ya ƙare. Na sani. Jirgi ba ya ƙara wa bawa kwana, ashe wuƙa ma ba ta ƙarawa. Ni ba kwana na hana ta ba, ke na hana ta. Da ke ce kika zo ƙofar nan ta filin jirgi da ba ta yi kuka ba, da kin wuce da 'yar jakarki, da kanta na bisa cinyarki ta cika.

Jaririyar tana nan lafiya, mace ce, goshinki ta ɗauko. Uwar Abdulmutalib ta ji labarin wuƙar, ta ce in kawo a sa mata. Na sa hannu a aljihu, hannun ya ƙi fitowa. Ni da nake lissafa kakanni ba gargada, aka tambaye ni sunan uwata don addu'a ya ɓace min.

Bayan suna zan taso. Shekaru kina cewa taurin kaina zai ja mana wata rana, ina dariya. Idan na iso zan shimfiɗa buzuna a zaure. Ba zan ɗaga labulenki ba sai kin aiko a kira ni. In ba ki aiko ba, ba ki zalunce ni ba.

Ki gai da masu zaman makoki. Allah ya ba ki haƙurin da ban cancanci in roƙa ba.

Ni ne,
Sulle