Gana Ta Fi Ka Sanin So

Zuwa ga Yaya Mikail, hasken idona da ya koma haska Kano, inuwar darbejiyata da ta naɗe ganyenta ana tsakiyar zafi, turaren wutana mai ƙamshi a ɗakin wasu! Gaisuwa daga Lamisula, inda ka ajiye ni.

Saƙonninka suna isowa, ya zumar bakina. Ka ce ni ce farin wata, ni ce ruwan tafkin Alau, ni ce numfashinka. Madalla! Ashe mutum yana barin numfashinsa a Maiduguri ya je Kano ya yi ƙiba? An ce har tumbi ka ajiye.

Ka tuna ranar da ka rufe shagonka na Kasuwar Kwastam, bayan an ƙona layin bayanku? Ka zo ƙofar gidanmu da Gana, kyanwar da ke kama maka ɓeraye, a cikin kwali. Ka miƙo mini ita kana dariya, ka ce, "Riƙe ta kafin gari ya lafa, amma kada ki sa rai da ita. Kyanwa cikinta kawai ta sani, shi ya sa take rufe ido in tana cin abincinki." Na yarda, don a lokacin duk abin da ya fito bakinka daɗi yake mini.

To, ga labarin marar amanar. Ba ta daɗe ba ta ɓace. Na nema har na gaji, sai Ajimi maƙwabcin shagonka ya aiko cewa tana can kwance a ƙofar da ka garƙame, ta rame, ta ƙi abincin kowa. Ba ta da katin shaida, ba ta da mota, amma ta ratsa shingen sojoji da na 'yan gora don ta shinshina inda ka saba zama! Da na je ɗauko ta, ta ɗaga jela, ta goga kanta a ƙafata, ta dube ni ta lumshe ido a hankali. Babu abinci a hannuna, Mikail. Me take rufe wa ido?

Sai ranar da bam ya tashi ina cikin keke napep zan kai ɗinki, ƙarfe ya shige cinyata. Da aka sallamo ni daga asibiti, Gana ba ta bar gefena ba. In zazzaɓi ya taso, ta hau ƙirjina tana gurnani mai laushi har jikina ya daina rawa. In na yi kuka, ta lashi yatsuna. Wata safiya ta ajiye mini ƙadangare a bakin katifa, ta zauna tana jiran in ci. Na yi ƙyama, na yi dariya, sannan hawaye suka zubo, don abin da take da shi ta kawo. Kai fa, gwarzona, zakin dawa? Hoton fure ka turo, da "Allah ya ƙara sauƙi, tauraruwata."

Na san hanyar Damaturu ba wasa ba ce. Ban ce ka zo ka mutu ba. Amma direbobi suna shigowa kullum da tumatir da albasa. Albasa ta fi ni daraja ne?

Yayana Ba'ana haƙurinsa ya ƙare. Jiya ya ce, "Wanda bai zo dubiya ba, ɗaurin aure zai zo? A mayar masa da kayansa!" Ya shiga ɗakina zai ɗauki akwatin sa ranarmu, wanda na bari a buɗe don in riƙa kallon kayan kamar wata sokuwa. Yana leƙawa ya ja da baya. Gana ta haihu a ciki, a kan farin leshin da ka zaɓa da hannunka. Mama ta ce kyanwa ba ta haihuwa sai inda hankalinta ya kwanta, a bar ta. Ba'ana ya rantse ranar da ta yaye 'ya'yan, akwatin zai hau motar Kano.

Ka gani? Dabba ce ta roƙar maka lokaci, kai kana can kana haɗa baituka!

Wayyo zuciyata, wawiyar da ba ta jin magana! Ina jin haushinka kamar in fashe, amma da wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi ko kai ne. Ka zo, Mikail. Yanzu ɗingishi nake yi, gara ka gani da idonka kafin wani ya faɗa maka. In ka gan ni ka juya, na san matsayina. In ka zauna, ba zan tambaye ka komai ba.

'Ya'yan ba su buɗe ido ba tukuna. Kada ka bari su fara cin tuwo.

Taka, wadda ba ta taɓa duban wani ba kuma ba za ta duba ba, ko da ba ka cancanta ba,

Sauda