Kujerar Aski da Ƙuri'ar da Ba Ni da Ita

Litinin, 4 ga Maris
Shekara ashirin da shida ina aski a ƙasar nan, ban taɓa jefa ƙuri'a ba. Ni baƙo ne, kuma baƙuntar ta yi mini daɗi. Duk wanda ya hau kujerata, ɗan takararsa ne nawa har ya sauka. Yau na goyi bayan Mai Rini sau huɗu, Mai Sanƙo sau uku.
Su ne manyan 'yan takara biyu, sunayen ni na raɗa musu. Mai Rini ya haura saba'in amma kansa baƙi wuluk, shi ne ke cewa a ƙara tura sojoji yaƙin da ake yi a ƙetaren teku. Mai Sanƙo ya ce a dawo da su, sai dai yana faɗa yana kallon takalminsa.

Alhamis, 7 ga Maris
Muhawara a talabijin. Ban ji rabin abin da suka ce ba, gashi nake kallo. Mutumin da ke ɓoye furfurarsa, me kuma zai ɓoye?

Asabar, 16 ga Maris
Auta ya bugo daga bariki. Rundunarsu na cikin waɗanda za a tura idan aka ƙara sojoji. Yana ta dariya: “Baba, direba ne fa ni, ba harbi zan yi ba.” Kamar harsashi yana tambayar sana'a.
A nan aka haife shi, ɗan ƙasa ne. Ni da na haife shi ba ni da bakin cewa kada a kai shi. Uwar yara ba ta ci abinci ba. Ni na ci, amma tsoro nake ji.

Lahadi, 17 ga Maris
Babbar 'yata, nas, ta sake tayar da maganar fom ɗin zama ɗan ƙasa da ta kawo mini shekara tara da suka wuce. Na ce yana nan a adane. Ban yi ƙarya ba. Ninke yake gida takwas ƙarƙashin gajeriyar ƙafar kujerar aski, shi ya hana ta rawa.

Laraba, 20 ga Maris
Na karya doka. Maigidan da ya koya mini sana'a ya ce aska da siyasa ba sa haɗuwa a wuya ɗaya. To, tunda ba ni da ƙuri'a, sai in ari ta mutane. Na fara da tsohon ɗan sandan nan mai son Mai Rini. Ina gyara masa maƙogwaro na ce, “Yallaɓai, ai yaƙin nan ba namu ba ne.” Ya ce, “Ƙwarai kuwa.” Na ce, “Mai Sanƙo za ka zaɓa ke nan?” Ya ce, “Sosai ma.”
Ashe siyasa ba wuya!

Lahadi, 24 ga Maris
Mutum talatin da ɗaya na juyo cikin kwana huɗu. Na faɗa wa 'yata ina hura hanci. Ta yi dariya har da riƙe ciki. “Baba, yaushe suke amsa maka?” Na ce ina cikin aiki mana. Ta ce, “Da aska a maƙogwaronsu? Ko cewa ka yi su zaɓi akuya ai za su ce to.”
Uwar yara ma sai da ta dara, karo na farko tun kiran Auta. Ko don wannan ban yi asara ba.

Talata, 26 ga Maris
Zaɓe. Shago shiru. Na share madubi sau uku. Tsohon ɗan sanda ya wuce da tawada a yatsa, ya hango ni, ya tsallaka titi.

Alhamis, 28 ga Maris
Mai Rini ya ci, da ɗan ƙanƙanin rinjaye. A akwatin unguwarmu da ƙuri'a biyu. Na san ɗaya ba za ta canza komai ba. Na sani.

Juma'a, 12 ga Afrilu
Gobe su Auta za su tashi. Ya zo in yi masa aski, wai na bariki kamar yankan ciyawa suke yi. Na daɗe a kansa, askin minti goma ya kai awa. Har yanzu tabon nan na bayan kunnensa yana nan, na ranar da ya faɗo daga keke. Na ce ya riƙa tuƙi a hankali. Ya ce to. Na duba, babu aska a wuyansa, don haka na yarda.
Da zai sauka kujerar ta yi gefe da shi. Ya ce, “Baba, me ya sami kujerar nan take rawa?” Na ce tsufa ne.
Ofishin karɓar fom ɗin zama ɗan ƙasa yana buɗewa ƙarfe takwas ran Litinin. Uwar yara ta goge fom ɗin da dutsen guga, layukan ninkin dai sun ƙi fita. Ba wani abu ba ne, don kawai 'yata ta bar ni in huta. In nemi katako in sa wa kujera.