Lambar Jafaru Mai Tsawon Bango

Samaru, Yuli 1976

Zuwa ga Goggona,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fata ƙafar ta yi sauƙi, kuma damina na tafiya lafiya. Ni ma lafiya, sai nauyin ciki, ga shi wata takwas ya kama.

Goggo, na san kin zuba ido, kin tanadi itacen wankan jego. Wallahi ba ni na ƙi tahowa ba. Mijina Jafaru ne ya ce zai kawo ni da kansa, amma sai wata lamba ta sarƙe shi. Lamba fa, Goggo, ta lissafi! Ya rubuta ta da alli a bangon ɗaki, daga taga har bakin ƙofa. Na ce masa ya faɗa mini sunanta, ya ce ƙirgen Hausa bai kai can ba.

Wai mara ce, ba cika ba. Wai kuma irin su bakwai da sha uku ce, ko mutum nawa aka raba wa sai an bar saura. Idan hakan ya tabbata, digirinsa na biyu ya samu. To ni dai ban gane ba. Abin da ba goro ba, ba gero ba, wa ya matsu a raba shi?

A gai da Bappa.

Taki,
Zubaidatu

Samaru, Agusta 1976

Goggona,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Har yanzu shiru. Kullum sai ya kwashi wasu katuna masu huji-huji ya kai wa injin lissafi na jami'a, mai kula da injin, Oluwole, ya ce a bi layi. Ni kuwa ƙafafuna sun kumbura. Ungozomar da nake gani a Sabon Gari ta ce in na ƙara jinkiri, ba ni ba shiga mota. Tsoro nake ji, Goggo. Haihuwar fari, ba ke a kusa! Na yi fushi na daina yi masa magana, bawan Allah bai ma lura ba. Da safe ina roƙon Allah ya ba shi sa'a, da yamma ina tsine wa lambar.

Zubaidatu

Samaru, Agusta 1976

Goggo,

Ina gaisuwa. Injin ya amsa. Ashe tana rabuwa, wata lamba ta shige ta daidai, ko saura babu. Aikin shekara guda ya tashi a banza. Ya dawo ya ɗebi ruwa ya wanke bangon da hannunsa, sannan ya sauko da akwatina yana ninke mini zannuwa, hawaye na zuba. Ban taɓa ganin kukansa ba. Abin da nake nema na samu, amma ko tuwo na kasa ci.

Muna tahowa ranar Laraba in Allah ya so. Don Allah ki ja wa Bappa kunne, kada kowa ya tambaye shi ya karatu.

'Yarki,
Zubaidatu