Saiwar da ta kashe harshen Baba Haruna

Daren Laraba, Madina

Bayana ciwo yake yi, amma alhamdulillahi. Yau bayan La'asar muka tono saiwar ekinasiya, furen maganin murar nan da nake gwadawa a gonar dabino a Ƙuba. Iri uku na shuka, na rage musu ruwa da gangan. Mai faɗin ganyen da kowa ke yabo ya ƙone tun zafin farko, na biyu ya bi shi. Mai siririn ganyen da ni kaina na raina, shi ya kai shekara uku.

Baba Haruna mai kula da gonar ya sha ce min, "Daktora, khalas, ya isa haka, ki bar min filin in sa na'ana'a. Wannan furen ado ne."

Sai da muka haƙa kusan kamu biyu kafin saiwar ta ƙare. Na wanke, na yanka masa guntu. Ya tauna, ya zaro ido. "Harshena ya mutu!"

Alamar da nake nema ke nan, cewa saiwar na da ƙarfin magani. Saura ɗakin gwaji, ba zan cika baki ba tukuna.

Da zan tafi na ga ya soka ragowar a aljihu. Na ce, "Baba, na'ana'ar fa?"

Ya ce, "Ta jira."