Wanda Ya Iya Tsayuwa

Veracruz

Don Casimiro,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwar? Yaya Remedios da yaranta? Tun da 'yar nan taka ta kwashe ka zuwa birnin Mexico, duk abokin rawar da na samu sai ya taka mini ƙafa.

Ga labari. 'Yan fim sun sauka a dandalinmu za su ɗauki rawar danzon, sun taho da nasu 'yan rawa, yara kyawawa kamar ka sace ka gudu. Da makaɗa suka iso wurin hutu, inda namiji ke sakin hannun mace, mu buɗe mafici, a juya a tafa wa makaɗa, sai yaran nan suka ci gaba da juyi su kaɗai a tsakar fili. Har mai gyaɗa sai da ya dara. Mai ƙaho ya ce shi ba zai ƙara busa wa marasa ta ido ba.

Yarinyar da ke shirya fim ɗin ta zo tana tambayata laifinsu, abin tausayi. Na ce mata a danzon tsayuwa rabin rawa ce. Ta roƙe ni in samo mata wanda ya iya kafin Asabar ta sama. Na ba ta sunanka, ban kuma nemi izininka ba.

Taka,
Hermelinda

Birnin Mexico

Zuwa ga Doña Hermelinda,

Bayan gaisuwa da girmamawa, wasiƙarki ta same ni lafiya, na gode ƙwarai. Labarin yaran bai ba ni mamaki ba. Jikokina ma waƙoƙin da suke kunnawa kiɗanmu ne aka ɗora wa gudu, ko wurin numfashi ba a bari ba.

Sai dai ki yi haƙuri, ba zan zo ba. Da sanda nake tafiya yanzu, kuma ba na so a ajiye ni a fim a haka, balle ke ki gan ni. Remedios tana so in saki ɗakina na Veracruz ƙarshen wata in zauna nan gaba ɗaya, kuma na kusa amincewa. Ki nemi Don Evaristo, ƙafarsa lafiya lau.

Allah ya bar mu tare.
Casimiro

Veracruz

Tsoho mai taurin kai,

Na gaishe ka, ko da yake ba ka cancanta ba. Evaristo? Mutumin da ke soshe-soshe a wurin hutu?

Wa ya ce maka rawa ake nema? Tsayuwa na ce, kuma duk garin nan babu wanda ya kai ka. Ni ce shaida. Tun da muka rasa Jacinto mijina da Amparo matarka, ba hutun da za a yi ba ka gyara murya ba, kamar mai shirin magana. In rage fifita, in kasa kunne, sai kawai ka juya ka tafa wa makaɗa. Mafici nawa na kashe ina jiranka, Allah kaɗai ya sani.

Sandarka ba ta dame ni ba, ni ma haƙoran da nake murmushi da su na likita ne. Ina kewarka, Casimiro. In ka saki ɗakin nan, ni ma na bar dandali.

Ka gaida Remedios, ka ce uwar ɗakinta ta ce ta sako ka a mota.

Hermelinda

Birnin Mexico

Hermelinda,

Ina gaisuwa. Na fasa sakin ɗakin. Remedios tana goge fararen takalmana tana mita.

Ki ce wa yarinyar fim ta matsar da na'urar ɗaukar maganarta nesa da mu. Mai ƙaho kuma ki ba shi haƙuri tun yanzu, don zan yi abin da ya fi na yaran nan. Hannuna ɗaya yana kan sanda, in an zo wurin hutu kuma ɗayan ba zai saki naki ba.

Sai Asabar.
Naki,
Casimiro