Wanda Ya Zauna a Unguwar Talha

Dutsin-Ma,
Jihar Katsina.

Zuwa ga Yayana Sirajuddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Ingrid da ɗiyata Khadijat. Allah Ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan da ka ce yana tasowa duk lokacin da sanyin Minnesota ya shigo. Mu nan sai godiya. Baban Munzali yana nan yana fama da shagon hatsi, ko da yake gero ba ya shigowa daga ƙauyuka kamar da. Munzali ya shiga babbar sakandare, Khalil ya sha zazzaɓi da damina amma ya miƙe. Goggo Azumi tana tare da mu tun barowarsu gida, tana cin abinci, tana sallarta a zaune, sai dai tunaninta yana zuwa yana tafiya.

Hotunan da ka turo na tafiyarku Norway sun iso, na kuma karanta bayaninka har na kusa haddace shi. Na karanta wa yara yadda kakan kakan Anti Ingrid, wanda ka ce sunansa Ole, ya bar ƙasarsu saboda gonar ubansu ƙarama ce, duk duwatsu, kuma bisa al'adarsu babban ɗa ne ke riƙe ta. Ya ɗauki amaryarsa da akwatin katako, suka shiga jirgin ruwa zuwa Amurka, suka yi ɗaki da ƙasa da ciyawa a wani fili da ba su san kowa ba. Ga shi yau zuri'arsa ta cika gari, har kun haɗu ayari guda kun koma kun gano gonar. Na daɗe ina kallon hoton Khadijat tsaye a kan harsashin gidan, ruwa shuɗi a ƙasa, tumaki a bayanta. Sai ka ce ta zana bishiyar dangi, ɓangaren uwarta ya yi rassa har takarda ta cika, naka kuwa ya tsaya a kan Baba, Allah Ya jiƙansa. Ka roƙe ni in je Unguwar Talha in ɗauko hoton gidan Kaka da rijiya da maƙabarta, in tambayo manya sunayen na baya, kafin ka kawo su da Babbar Sallah su gani da idonsu.

Yaya, abin da ya sa na daɗe ban ba ka amsa ba, na rasa ta inda zan fara ne. Duk sanda ka kira muna ce maka da sauƙi, don ba ma son ɗaga maka hankali a inda ba abin da za ka iya yi. Gaskiyar magana, Unguwar Talha ba ta shiguwa. Daga nan zuwa Kurfi ana bi idan an ji hanya lafiya. Daga Kurfi zuwa Wurma sai an tambaya an sake tambaya. Daga Wurma zuwa gida kuwa, hanyar nan da kake goya ni a keke muna tsayawa tsinkar kanya, babu mai bin ta sai da sanin mutanen daji. Gidajen da suka rage a garin sun yi abin da ake kira sulhu. Suna noma, su ba da wani kaso, su kuma yi musu aiki a gonakin da suka ƙwace. Wanda ya fita kasuwa dole ya kwana a gida, kuma idan wani gida ya kwashe ya gudu, maƙwabtansa ne ke amsa tambaya. Mu da ke Dutsin-Ma ma ba wai mun tsira ba ne. Ni daga gida sai makarantar da nake koyarwa, daga makaranta sai gida. Biki ko rasuwa in dai a wajen gari ne, sai dai in yi a waya.

Duk da haka ban so in mayar wa Khadijat hannu wofi ba, sai na fara da Goggo. Da hantsi, lokacin da hankalinta ya fi zama, na zauna kusa da ita ina tsince wake, na jawo hirar da. Ta ce Talha, wanda garin ya ci sunansa, daga arewa ya zo, wajen Tasawa, a wata shekarar yunwa, shi da matarsa Kubra da jaki ɗaya. Ta ce da hannunsa ya haƙa rijiyar, Kubra na janye ƙasa da ƙwarya. Har waƙar da mata ke yi in suna jan ruwa ta rera mini, muryarta tsaf kamar ta yarinya. Amma tana kai ƙarshen waƙar sai ta fara laluben takalminta, wai in kira mai babur ya mai da ita gida, ta bar awakinta a ɗaure tun safe ba ruwa. Yini muka yi muna lallashinta. Na sake gwadawa wata rana, haka aka sake yi, har ta kai bakin ƙofa da ƙullin kayanta. Daga nan Baban Munzali ya ce in bari, kuma ya yi gaskiya. Abin da dai ta yi ta maimaitawa shi ne a tambayi Ummaru, shi ya zauna da tsofaffi, shi ke riƙe da sunayen maza.

Ka san Baba Ummaru, ƙanin Baba, bai fito daga garin ba. Inna matarsa ba ta iya takawa, ga matar ɗansa marigayi Abubakar Sadiƙ da goyo, ga gona. Samunsa a waya aiki ne, don sai ya hau tudun bayan masallaci, kuma wanda aka cika gani da waya a kunne ana zarginsa da kai rahoto. Ta bakin wani direba na aika masa, shi kuma ya aiko cewa zai shigo Kurfi ranar kasuwa sayen maganin Inna, in same shi a zauren Alhaji Abdullatif mai hatsi, aminin Baba. Baban Munzali ya rufe shago ya raka ni. A motar nan kowa idonsa na kan gonakin dawa da ke gefen hanya, don ta yi tsawon da za ta ɓoye mutum.

Da na ga Baba Ummaru sai da na kau da kai na share ido. Rigarsa ta yi masa yawa, gemun ya yi fari fat. Amma dariyarsa tana nan, har ya tsokane ni wai malamar makaranta ta zo ɗaukar karatu wurin manomi. Ya zo da jikarsa Nana Fatima, babbar ɗiyar Abubakar Sadiƙ, ba za ta wuce shekara bakwai ba, tana riƙe masa ledar magani. Na kunna ɗaukar murya a waya na ajiye a gabansa, ya gyara zama ya fara. Ya ce Talha ya haifi maza biyu, Ilu da Gambo. Gambo ne ya haifi Kaka Sale, wanda ya haifi Goggo da Baba da shi. Ilu kuwa ya tafi gabas da ƙafa da niyyar aikin hajji, bai dawo ba. Bayan shekaru wani mahajjaci ya kawo labarin ya gan shi a Sudan yana noman auduga, da mata da 'ya'ya, har yana tambayar ko rijiyar tana ruwa. Ka ga mu ma muna da namu da suka tafi, wataƙila suna can da yawa, ba su san sunan Kurfi ba. Ya faɗi abubuwa da dama, iyakokin gonaki, wanda ya auri wa, inda kabarin kowa yake. Duk suna cikin wayata, zan turo maka sannu a hankali.

Da ya gama sai ya tambayi abin da ya tayar da wannan bincike. Na nuna masa hotunanku, na ba shi labarin Ole. Ya riƙe wayar nesa da idonsa yana kallo, ya ce ashe Turawa ma yunwa ta taɓa korar su. Sai ya tambaya, shi wan nasa da aka bar wa gonar fa, ina nasa jikokin, su ne suka tarbe ku? Na ce a yadda ka rubuto, ba ku iske kowa ba. Wan ya zauna har ya mutu a nan, 'ya'yansa ba su yi yawa ba, na ƙarshensu ya rasu ba magaji, gidan ya rushe, maƙwabta ke kiwo a wurin. Baba Ummaru ya sake duban wayar. Ya sa na ƙara masa girman hoton harsashin, ya bi duwatsun da ɗan yatsa. Can ya ce, wato wanda ya tafi shi ne ya yi yawa har aka samu masu dawowa neman wurin, wanda ya tsare gidan kuwa ko mai nuna kabarinsa babu. Na yi nadamar nuna masa, na fara ƙoƙarin sauya magana, amma ya ɗaga mini hannu.

Ya dubi Baban Munzali ya ce yana da roƙo. Ya ce mu tafi da Nana Fatima. Wallahi Yaya ba da wannan niyya ya fito ba, ko ɗankwali na biyu yarinyar ba ta zo da shi ba. Ya ce garin babu makaranta yanzu, babu allo, yara sun san ƙarar kowace irin bindiga amma ba su san baƙi ba, kuma yana ganin yadda yaran daji suka fara kallon 'yan matan da suka ɗan girme ta. Ya ce uwarta ta sha roƙonsa ya fitar da ita, shi ne yake cewa a dakata. In an tambaye shi zai ce zazzaɓi ya kama ta a kasuwa, an kwantar da ita asibiti. Na ce to shi ma ya zauna mana, mu san yadda za a yi a fito da su Inna daga baya. Ya ce in bai koma ba kafin magariba, gidan Liman da ke jikin nasa za a fara shiga, kuma wa zai juya Inna a kan gado?

Bai yi mata dabara ba, bai aike ta sayen alewa ya sulale ba. Durƙusawa ya yi a gabanta ya ce za ta bi Goggo Hassana ta yi karatu, zai riƙa zuwa ganin ta. Ba ta yi kuka ba a lokacin, sai ta damƙe bakin rigarsa da hannu biyu. Ya ɓamɓare yatsun nan ɗaya bayan ɗaya yana yi mata addu'a, ya karɓi ledar maganin, ya hau bayan babur ana kiran la'asar. Alhaji Abdullatif ya tashi ya shige cikin gida, bai iya tsayawa ba.

Washegari Baba Ummaru ya kira a gurguje ya ce ya isa lafiya. Mutanen daji sun tare shi a bakin gari, sun lura ya fita da yarinya ya dawo shi kaɗai, ya faɗa musu abin da ya shirya. Sun karɓa, amma sun ce in ta warke ya je ya ɗauko ta. Tun daga ranar wayarsa ba ta shiga. Direban nan ya ce ya hango shi a gona, shi ne kawai abin da muke riƙe da shi. Ka ga inda muke. In mun riƙe ta, ba mu san abin da za su yi masa ba ranar da suka gaji da jira. In mun mayar da ita, mun saɓa wa abin da ya roƙe mu, kuma da wane ido zan miƙa ta? Mun zauna da Baban Munzali mun yanke cewa ba za ta koma ba sai in Baba Ummaru da bakinsa ya ce a kawo ta. Na ɗinka mata kayan makaranta, tana ajin da ke kusa da nawa. Ko daidai muka yi ko kuskure, Allah ne masani, ni dai abinci ba ya yi mini daɗi tun ranar.

Saboda haka, Yaya, kada ka kawo su bana. Na san ka yi wa Khadijat alkawari, na san shekarun da ka yi ba ka ga gida ba, amma labarin zuwanka da iyali daga Amurka zai riga ka isa Kurfi, kuma Baba Ummaru ne zai fara ɗanɗana shi. Ko kuɗi kada ka aika masa, kada ma a ji sunanka a garin. Hoton rijiya da na gidan Kaka ban samo ba, ka ba ɗiyata haƙuri. Ka sa ta saurari muryar kakanta ko da ba za ta gane duka ba, kai ka fassara mata. Ka yi wa Anti Ingrid godiya, ka ce mata labarin mutanenta ya yi aiki a nan fiye da yadda take zato. Abin da muke nema a wurinku addu'a ce, ku dage da ita.

Baban Munzali yana gaishe ka da kyau. Munzali da Khalil suna gaida Kawu da Anti, suna gaida yayarsu. Alhaji Abdullatif ya ce lallai in isar maka da gaisuwarsa. Goggo tana sa maka albarka, ko da yake wani lokaci da kai da Baba duk ɗaya ne a wurinta. Na tambayi Nana Fatima ko tana da saƙo zuwa ga 'yar'uwarta ta Amurka. Ta tambaye ni ko motar da ke zuwa can tana bi ta Unguwar Talha. Na ce a'a, ba ta bi. Ta ce to ba ta da saƙo.

Allah Ya tsare mu baki ɗaya, Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Hassana